Kuka a Sinima, Shiru a Gida: Soyayyar Jinsi Ɗaya a Fina-finan Kambodiya

A watan Afrilun 2009 aka fara haska wani fim a Phnom Penh, babban birnin Kambodiya, mai suna Who Am I?, wato "Ni wace ce?". Wata marubuciyar littattafai, Phoan Phoung Bopha, ita ta rubuta labarin ta kuma ba da umarni. Labarin mata biyu ne, ɗaya 'yar asalin Kambodiya mazauniyar Amurka, ɗayar kuwa fitacciyar jarumar fim a gida. Ta wayar tarho suka saba, hira ta yi tsawo har zukata suka kamu, ta Amurka ta hau jirgi ta zo. Daga nan dangi suka shigo, aka kawo maganar miji, labari ya ƙare da hawaye. Kafin wannan ba a taɓa yin cikakken fim da harshen Khmer a kan soyayyar mace da mace ba. A makon farko kimanin mutum 4,000 suka je kallo.

Wanda ya saba jin alƙaluman kasuwar fina-finan Indiya zai raina wannan adadi. Sai an san ramin da sinimar Kambodiya ta faɗa kafin a gane nauyinsa. Daga 1960 zuwa 1975 ƙasar ta yi fina-finai sama da 300, Phnom Penh kaɗai tana da gidajen sinima kusan 30, kuma shugaban ƙasar da kansa, Norodom Sihanouk, yana cikin masu shirya fim. A 1966 ya fitar da Apsara. Jarumai irin su Dy Saveth sun yi suna har ƙasashen maƙwabta. Ranar 17 ga Afrilun 1975 dakarun Khmer Rouge suka shiga birnin, suka kora mutanensa kaf zuwa gonaki. Kafin a tumɓuke su a Janairun 1979, mutum wajen miliyan 1.7 ko fiye sun mutu ta hanyar kisa da yunwa da cuta da aikin bauta. 'Yan fim da mawaƙa suna cikin waɗanda aka fi farauta, kuma daga ɗaruruwan fina-finan nan kimanin 30 ne kawai suka tsira.

Masana'antar ta sake ɗagowa ta hanyar da ba wanda ya zata. A Janairun 2003 aka yaɗa cewa wata jarumar Tailan ta ce Angkor Wat, shahararren tsohon gidan ibadar Kambodiya, na ƙasarta ne. Ba a taɓa tabbatar da ta faɗa ba, amma jama'a suka fusata, aka ƙona ofishin jakadancin Tailan, gwamnati kuma ta hana nuna wasannin Tailan a talabijin. 'Yan gida suka cike gurbin da fina-finan fatalwa masu arha, gidajen kallo suka cika na 'yan shekaru, sannan satar fasaha da maimaita labari ɗaya suka kashe kasuwar. Zuwa 2009 sinimomin da suka rage a birnin ba su wuce a ƙirga da yatsun hannu ɗaya ba. A irin wannan kasuwa ce fim a kan maɗigo ya ja dubban mutane, kuma hukuma ba ta hana shi ba.

Mai gaggawa zai ce shi ke nan, jama'ar Kambodiya sun rungumi abin. Ni ban ga haka ba. Abin da 'yan kallo suka runguma wani tsohon labari ne da suka sani tun suna makaranta, an dai sauya masa 'yan wasa. Ɗaliban ƙasar suna karanta Tum Teav, labarin Tum, matashin ɗalibin ibada mai zaƙin murya, da Teav, budurwar da ya ajiye rigar ibadarsa dominta. Uwar Teav ɗan gwamna take so. Ko bayan sarki ya ɗaura wa masoyan aure, sai uwar ta aika wa 'yarta cewa tana kwance ba lafiya, da ta zo ta tarar biki ake shiryawa. Tum ya biyo sawu, mutanen gwamna suka kashe shi, Teav ta kashe kanta. An mayar da labarin fim fiye da sau ɗaya, na 2003 kuma ya yi kasuwa sosai. Saboda haka ɗan kallon Khmer ya iya zama a duhun sinima ya yi wa masoya biyu kuka, ya ji haushin uwa mai kwaɗayi, ya fito ya share ido ya koma gida. Who Am I? ya sa mata biyu cikin wannan tsohon zubi, zubin kuma ya karɓe su.

Sai dai irin wannan kuka ba ya neman komai daga mai yinsa. Idan labari ya ƙare da rabuwa ko mutuwa, tambayoyin da suka fi wuya sun tafi tare da shi. Ina za su zauna? Wa zai gaji gona? Me uwa za ta ce wa maƙwabta? Wa zai kai abinci gidan ibada da sunan iyaye a bikin Pchum Ben bayan sun rasu? Ba rage wa Phoan Phoung Bopha daraja nake yi ba. Ta nuna mata biyu a matsayin mutane masu zuciya a lokacin da ba wanda ya yi hakan a fim, kuma wannan jarumta ce. Amma cikar gidan kallo ba ta nufin uwar da ta yi kuka a kujera za ta yarda idan tata 'yar ce.

Mai karatu Bahaushe, wanda addininsa ya riga ya yanke hukunci a kan wannan lamari, tambayarsa ta farko ita ce: hukuma fa? A Kambodiya doka ba ta ɗauki tarayyar jinsi ɗaya a matsayin laifi ba. Ba ta kuma amince da aurensu ba, domin sashe na 45 na tsarin mulkin 1993 ya yi maganar aure ne tsakanin miji ɗaya da mata ɗaya. A Fabrairun 2004 Sarki Sihanouk, bayan ya ga auren jinsi da ake ɗaurawa a San Francisco ta talabijin, ya rubuta a shafinsa na intanet cewa ya kamata ƙasarsa ta ba da izinin haka. Amma maganar da ta fi fayyace halin ƙasar daga bakin Hun Sen ta fito, mutumin da ya riƙe muƙamin firaminista daga 1985 zuwa 2023. A Oktoban 2007, a wajen bikin yaye ɗalibai, ya bayyana cewa 'yar da ya ɗauka riƙo tana zaune da mace, kuma zai yanke alaƙa da ita ya cire ta daga gado. A cikin jawabin nan ɗaya ya roƙi jama'a kada su nuna wa irinta wariya. Na waje zai ce tufka da warwara ce. Ni kuwa ina ganin da wuya a samu uban Khmer da zai kasa gane shi: a titi a bar kowa da halinsa, a cikin gidana ban yarda ba. Duk mai son fahimtar 'yan kallon ƙasar ya riƙe wannan jawabi.

Tsaurin gida kuwa akwai tsoro a cikinsa fiye da ƙiyayya. Yawancin tsofaffin karkara ba su da fansho, 'ya'ya da jikoki su ne madogara. A al'adar Khmer sau da yawa ango ne ke tarewa a gidan iyayen amarya ya zama ƙarin hannu a gonar shinkafa, kuma dukiyar auren da danginsa ke kawowa ana ɗaukarta ladan nonon da uwa ta shayar. 'Yar da ta ce ba za ta auri namiji ba, a idon uwa, ta hana gida suruki, ta hana shi jika, ta bar bashin nono ba biya. Ga kuma Chbab Srey, tsohuwar waƙar tarbiyyar mata mai koyar da haƙuri da rufa asirin gida, wadda sai a 2007 aka rage ta daga manhajar makarantu. Addinin Buddha na tafarkin Theravada, wanda sama da kashi 90 cikin 100 na mutanen ƙasar ke bi, bai tanadi hukuncin duniya a kan lamarin ba, amma mutane da yawa suna ɗaukarsa sakayyar wani laifi da mutum ya yi a rayuwarsa ta baya. Wannan fahimta tausayi take haifarwa, irin wanda ake yi wa mai lalura. Shi ya sa iyaye kan kai ɗa ko 'ya wajen mai maganin gargajiya, kru khmer, a yi wanka da ruwan tofi ko abin zai fita, in ya ƙi kuma a gaggauta aure. Cibiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta ƙasar, CCHR, ta tattara irin waɗannan koke-koke a rahotonta na 2010. Mai tausayi kuwa shi ne ɗan kallon da fim mai ƙarewa da kuka ya fi dacewa da shi.

Dariya ta girmi kukan nesa ba kusa ba. Namiji mai shigar mata da tafiyar mata, wanda ake kira khteuy, ba baƙo ba ne a ƙasar. Zhou Daguan, wani jami'in tawagar jakadancin Sin da ya zauna a Angkor daga 1296 zuwa 1297, ya ambaci ganin irinsu rukuni-rukuni a kasuwa. A dandalin gargajiya ma ido ya saba da musaya: a rawar fada mata ne ke fitowa a matsayin yarima da dodo, a wasan lakhon khol kuma maza ne ke ɗaukar har matsayin mata. Da talabijin ya zo sai khteuy ya zama kayan barkwanci. Ya shigo da rangwaɗa da kwalliyar da ta wuce kima, ya maƙale wa wani saurayi, a ture shi, a kwashe da dariya. Wanda ya ga yadda ake sako ɗan daudu a wasannin barkwancinmu ba ya buƙatar ƙarin bayani. Ana son ganinsa, ana biya a gan shi, amma labarin ba ya ba shi uwa ko ɗaki ko baƙin ciki.

Sok Visal, wanda ya tashi a Faransa ya dawo gida ya kafa kamfanin waƙoƙi na KlapYaHandz, ya gwada juya wannan dariya da fim ɗinsa na 2016, Poppy Goes to Hollywood. Mony matashi ne da duniya ta juya wa baya, ba ya ga-maciji da ɗan'uwansa da ya zaɓi rayuwar mata. Ya ga kisan kai da idonsa, 'yan daba suka biyo shi, mafita ɗaya ita ce ya sa kayan mata ya shiga ayarin masu rawa da ke tafiya wasa can lardi. Hollywood ɗin da ke cikin sunan wani gidan rawa ne a can. Dabarar tana da kyau. Ɗan kallo ya shigo don ya yi wa khteuy dariya, sai ya tsinci kansa a jikin Mony, ana yi masa irin kallon da yake yi wa wasu, kuma waɗanda ake rainawa su ne suka rufa masa asiri. Amma ko a nan, wanda aka ba ragamar labari namiji ne da ya ari riga na ɗan lokaci. Masu rigar na gaskiya suna gefensa, kuma wa suke so, wa ke son su, bai zama tsakiyar fim ɗin ba.

Fim ɗin da ya fi tsaya mini a rai gajere ne, bai kai minti 15 ba, kuma ba ƙagaggen labari ba ne. A 2012 wata matashiyar darakta, Sao Sopheak, ta kai kyamara wani ƙauye a lardin Takeo, kudu da Phnom Penh, ta ɗauki rayuwar wasu dattijai mata biyu, ta sa masa suna Two Girls Against the Rain. Sun haɗu ne a zamanin Khmer Rouge, lokacin da ƙaramin zargi kan ci ran mutum, kuma tun daga nan ba su rabu ba, shekara sama da 30. Dangi sun yi faɗa, ƙauye ya yi tsegumi, su kuwa suka ci gaba da neman abinci tare, suka reni 'ya'yan 'yan'uwa har suka girma. Babu gawar masoyi a ciki, babu rangwaɗa. Tsofaffi biyu ne da aikin gida da tarihin wahala. An nuna shi a bikin fina-finai na Berlin a 2013.

Sai an tuna abin da aure ya zama a wancan zamani kafin a ji nauyin zaman matan nan. Khmer Rouge sun ƙwace ikon aurarwa daga hannun iyaye suka mayar da shi hannun ƙungiya. Akan tara mutane gommai a rumfa ɗaya, a kira suna da suna, a haɗa waɗanda ba su taɓa magana da juna ba, da dare kuma a tura 'yan leƙen asiri su laɓe su tabbatar an kwana tare. Kotun musamman da aka kafa da taimakon Majalisar Ɗinkin Duniya ta samu manyan shugabannin Khmer Rouge biyu, Nuon Chea da Khieu Samphan, da laifi a Nuwamban 2018, kuma auren dole yana cikin laifuffukan cin zarafin bil'adama da aka kama su da su. Cikin waɗanda suka ba da shaida a 2016 akwai Sou Sotheavy, wadda aka haifa namiji ta rayu a matsayin mace, ta faɗa wa kotu yadda aka tilasta mata auren wata mata cikin tsoron kisa. Ƙasar da ta ɗanɗana wannan ta san ciwon auren dole fiye da kowa. Abin da ke damuna shi ne yadda iyayen da aka yi wa haka, ko aka yi a gabansu, suke komawa ga maganin nan ɗaya idan 'yarsu ta zo musu da abin da ba su gane ba. A ganina wannan ne babban labarin da sinimar Khmer ke riƙe da shi a hannu, kuma fina-finan kasuwa ba su ba shi haƙƙinsa ba.

To, wa ke kallon irin fim ɗin Sao Sopheak? Ɗalibai, ma'aikatan ƙungiyoyi, baƙi Turawa, da su kansu waɗanda abin ya shafa, a ƙananan zauruka irin na Meta House, cibiyar al'adu ta Jamus da Kambodiya, ko cibiyar Bophana da darakta Rithy Panh ya kafa a 2006, ko a makon Pride, bikin masu irin wannan soyayya, na watan Mayu. Irin hanyar da Lotus Sports Club na 2022 ya bi ke nan, fim ɗin da Vanna Hem da Tommaso Colognese suka shafe shekara biyar suna ɗauka a Kampong Chhnang, a kan wata ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta 'yan mata da kocinta ya zama uba ga matasan da ba su samu wurin zama a gidajensu ba. Masu tafi a irin waɗannan zauruka sun riga sun yarda tun kafin a kashe fitila. Furodusan kasuwa ya san haka, ya kuma san zaman lafiyar tsofaffi biyu ba ya sayar da tikiti.

Abin lura shi ne ƙauye ya riga sinima sanin irin wannan zama. A tsakiyar shekarun 1990 an ɗaura wa wasu mata biyu aure a wani ƙauye na lardin Kandal da amincewar hukumar yankin, malaman Buddha da jama'a masu yawa suka halarta. Abin da ya sassauta hukumar shi ne ɗayarsu tana da 'ya'ya daga aurenta na baya. Gida na da magada, tsufa na da madogara, sai magana ta yi sauƙi.

Tun 2011 aka fara buɗe sinimomin zamani a manyan kantunan Phnom Penh, Legend da farko, sannan Major Cineplex na Tailan a 2014, amma babban sauyin a tafin hannu ya faru. Wasannin Tailan masu dogon zango da ake kira BL, labaran soyayyar saurayi da saurayi, sun mamaye yankin, musamman bayan wasan 2gether ya bazu ta YouTube a 2020 lokacin kullen korona. Salon ya samo asali ne daga littattafan zane na Japan na shekarun 1970, waɗanda mata suka rubuta domin mata, kuma har yau 'yan mata ne mafi yawan masu kallo. Kambodiya kuwa ƙasar matasa ce, kuma dubban ɗaruruwan 'yan matanta sun baro ƙauye suna aiki a masana'antun ɗinka tufafi, suna kwana a ɗakunan haya nesa da idon uwa, kowace da wayarta da zaɓinta. A waɗannan wasanni ba a mutuwa, ba a tsokana. Samari biyu kyawawa ne a jami'a, su yi faɗa su shirya har su daidaita. Ta nan ne ɗan kallon Khmer ya fara sabawa da ganin irin wannan soyayya ta ƙare da farin ciki, ƙananan kamfanoni na gida kuma suka bi sahu da nasu a YouTube da Facebook.

Ina ɗaukar wannan da muhimmanci, amma bai ruɗe ni ba. Budurwar da ke bin labarin samari biyu na Bangkok tana kallon soyayya ce wadda babu mace a cikinta da za a ce wa ta yi haƙuri, kuma nisan ƙasa da harshe ya sa abin bai taɓa gidansu ba. Ranar da ƙaninta zai zo da irin maganar, lissafin daban ne. Duk da haka ra'ayi yana motsi. Binciken cibiyar Pew da aka fitar a 2023 ya samu kashi 57 cikin 100 na 'yan Kambodiya suna goyon bayan halatta auren jinsi, alhali a Indunusiya kashi 5 ne, a Nijeriya kashi 2. Tailan ta fara ɗaura irin wannan aure a hukumance a Janairun 2025. Gwamnatin Kambodiya ta karɓi shawarwarin yin haka a gaban Majalisar Ɗinkin Duniya a 2019, amma dokar ba ta biyo baya ba. Ƙungiyar RoCK, da ta fara aiki a 2009, takan taimaka wa masu irin wannan zama su cike wata takardar shaidar iyali a gaban hukumar ƙauye, wadda ke fayyace dukiya da riƙon yara, ko da yake ba aure ba ce a idon doka.

Sashen tace fina-finai, wanda ke ƙarƙashin ma'aikatar al'adu, ba shi ne babban shinge ba. Abin da ke tayar masa da hankali tsiraici ne da mutuncin ƙasa. An hana Fifty Shades of Grey a 2015, an hana Kingsman: The Golden Circle a 2017 saboda ya nuna Kambodiya a matsayin maɓoyar miyagu, a 2017 ɗin kuma aka dakatar da jaruma Denny Kwan na shekara guda saboda irin shigarta. A Yunin 2025, da rikicin iyaka ya tashi, an sake hana nuna fina-finan Tailan a talabijin da sinima, kuma siyasa ce ta jawo hakan, abin da ke cikin labaran bai shigo ba.

Inda sauyi ya fi jinkiri shi ne talabijin na yamma, akwatin da uwa da kaka da yara ke zama gabansa bayan an ci shinkafa. Manyan tashoshin suna hannun attajirai da makusantan gwamnati: Bayon a hannun Hun Mana, 'yar Hun Sen, CTN kuma ta kamfanin Royal Group ce na Kith Meng. Su da masu ba su talla ba sa neman abin da zai sa uwa ta sauya tasha. Ga 'ya can gefe tana kallon nata a waya da abin sauraro a kunne, ga uwa gaban akwati. Ta biyun ce ke yanke hukunci a kan auren ta farkon, kuma abin da aka fi nuna mata har yanzu shi ne khteuy mai rangwaɗa da ake turewa a yi dariya.